Ribar baƙi da asararsu ba aljihu ɗaya suke shiga ba

Ni dillalin albasa ne a Marwa da ke arewacin Kamaru, kuma gara in faɗa tun da wuri, don duk mai tsoma baki a maganar baƙi ya kamata a san ta inda yake cin abinci. Ina cikin waɗanda zuwan baƙi ya yi wa rana. Nakan sayi albasa a lambunan Meskin da na bakin Mayo Tsanaga, a shanya ta a rumfa, a ɗura a buhu, a loda a kamiyo ta bi ta Garwa da Ngawundere har kasuwar Sandaga a Duwala. Wata daga can takan wuce Kiye-Osi ta shiga Gabon. Tun daga dashe har ɗinkin bakin buhu, in ka cire injin ban ruwa, babu inda ƙarfe yake taɓa ta. Hannu ne ke yin komai, kuma sai hannun ya yi yawa ya yi arha sannan ciniki yake fita.

Aikin da ya fi hana ni barci shi ne zaɓe. Mai zaɓe yakan zauna a tsakiyar tsibi, ya ɗauki albasa ɗai-ɗai, ya danna wuyanta da babban yatsa. In wuyan ya bushe ya ƙame, sai buhu. In ya ji laushi ko ɗan danshi, sai gefe, a sayar da ita a cikin gari, domin ba za ta kai Ngawundere ba, balle Duwala mai zafi da laima. Wanda ya fi kowa iya wannan aiki a rumfata ɗan Gwoza ne. Ya zo a 2014, shekarar da Boko Haram suka kama garinsu, daga shi sai matarsa da yara da tabarma. Ba ya ko kallon albasar. Yana hira yana jefawa, wannan dama wannan hagu, kuma tunda ya karɓi aikin kukan da abokin cinikina na Duwala yake yi min a waya ya ragu ƙwarai.

To amma a shekarun nan ne kuɗin lebura ya faɗi. Mutane sun yi yawa: na Gwoza da Bama da Banki, ga namu na Kolofata da Amcide da Fotokol da su ma yaƙin ya koro. Aikin da ɗan gari ba zai taɓa ba sai an ba shi jaka biyu, wanda ya kwana da yunwa zai yi shi a jaka da rabi, har ya bi ka da godiya. Ban san ɗan kasuwar da ya ce a'a ba. Akwai wani dattijo ɗan dako da ya yi wa mahaifina aiki tun kafin in san ciniki. Wata rana ya ji ina gaya wa mutane a rumfa cewa baƙo albarka ne, sai ya sauke buhu, ya goge fuska da hularsa, ya ce, "Alhaji, gaskiya ka faɗa. Albarkar tana gidanka. Ni dai nake biyan kuɗinta."

Na ce, "Haba, Baba."

Ya ce, "Ba faɗa ba ne, Alhaji, lissafi ne." Ya ɗau buhunsa.

Ban taɓa jin wanda ya warware zancen kamarsa ba, ko a rediyo. Can sai a kawo mutum biyu, ɗaya ya ce baƙi suna bunƙasa ƙasa, ɗaya ya ce suna ƙwace wa 'yan ƙasa abinci, su yi ta musu har lokaci ya ƙare. Ba wanda yake ƙarya a cikinsu, aljihun da kowanne ya leƙa ne daban. Mai gidan haya a unguwar Domayo ya ƙara kuɗi har ya gina sababbin ɗakuna, ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu biyan na shekara a dunƙule. Wanda yake zaune a gidan kuwa ya tattara ya koma bayan gari. Mai shago ya sami masu saye, mai lambu ya faɗaɗa lambu, gwamnati ta sha yabo a tarukan duniya. Ƙaramin lebura da mai ga-ruwa da matar da ke yin itace su ne suka ga bambanci a tukunya. In aka haɗa duka aka yi jimla, na yarda riba ce za ta fito. Sai dai ba wanda yake cin jimla.

Mai son ganin wannan da idonsa ya je sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, kusa da Mokolo. An buɗe sansanin a Yulin 2013, kafin a ankara ya zama gari, har mutanensa suka haura dubu 70. Yanki ne na duwatsu da ƙarancin ruwa, inda ko 'yan gida sai sun haƙa yashin mayo da rani kafin su sami na sha. Ga mutum dubu 70 kowace safiya suna neman abin hura wuta. Cikin 'yan shekaru aka share dajin da ke kewaye, mata suka koma tafiyar sa'o'i neman itace, a can kuma suke kiciɓis da matan Gawar da Gadala, waɗanda su ma itacen suka fito nema a dajin da suka gada. Ba a rasa zage-zage, wani lokaci har da ƙwace gatari. Abin da ya fi cin rai shi ne motar abinci. Takan wuce ta gaban ƙauyen da rumbunansa suka ƙare ta shiga sansani, ɗan ƙauye yana kallo ana auna hatsi da mai ga wanda ya zo jiya, shi da aka binne cibiyarsa a wurin ba mai tambayarsa ko ya karya. Ɗan gudun hijira bai da laifi a nan, da an bar shi da gonarsa da bai zo ba. Amma duk mai cewa ɗan ƙauyen nan bai yi asara ba, bai taɓa sayen itace da kuɗinsa ba.

Daga baya an yi gyara, ba a ƙi ta ba. An shiga dashen itatuwa, zuwa 2021 an dasa wajen dubu 360, darbejiya da zogale da itatuwan ƙaya. Mata suka koyi yin gawayi da totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Asibitin sansani yana duba 'yan ƙauyukan kewaye, kasuwar wurin kuma ta zama inda 'yan Mokolo suke kai kaya. Filin da na sani fayau, yanzu ana zama a inuwa. Sai dai a duba yadda abin ya jeru: sai da daji ya ƙare, sai da aka yi faɗa, sannan aka tuna da masu masauki.

Ni sansanin kansa ne ban yarda da shi ba. Ka ɗauki manomi da maƙeri da tela da malamin makaranta, ka tara su a fili ɗaya ka ce su jira rabo, shekara goma da ɗoriya. Dokar 'yan gudun hijira ta Kamaru ta 2005 ta ba su damar aiki da zirga-zirga, amma sai mutum ya fito ya gamu da shingen hanya yake sanin nauyin abin da aka rubuta. Yanzu kuɗin agaji ya ja baya, ana ta rage rabon abinci, kuma mutanen da aka hana tsayawa da ƙafarsu su ne ake ce wa su nemi na kansu. Ɗan Gwozan rumfata bai taɓa kwana a sansani ba. Yana biyan haya, yana biya wa yaransa makaranta, yana sayen gero a kasuwa kamar kowa. Ban ga ta inda ya zame wa Kamaru kaya ba.

Sai maganar tsaro, wadda in aka kawo ta kowa yake yin shiru. Ranar 22 ga Yulin 2015 'yan mata biyu suka tayar da bam a nan Marwa, ɗaya a babbar kasuwa, ɗaya a Barmare, unguwar da Hausawa suka fi yawa. Bayan kwana uku wani ya tashi a unguwar Pon Ver. Mutanen da muke gaisawa da su ne suka mutu. Ba zan ga laifin wanda ya ce a rufe iyaka a makon nan ba. An hana niƙabi, an taƙaita babura, an yi ta kame, aka kuma shiga loda 'yan Najeriya a mota ana mayar da su. A 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce waɗanda aka mayar da ƙarfi sun kai dubu 100, gwamnati kuma ta musanta.

Iyakar da ba a san mai shiga da mai fita ba haɗari ce, wannan ba musu. Amma duk mazaunin yankin nan ya san yaran da suka faɗa wannan fitina ba duka daga tsallake suka zo ba. Da yawa namu ne, 'yan Mayo Sava da Mayo Tsanaga, waɗanda aka ja da babur da alkawarin aure. Faɗin haka ba daɗi, shi ya sa aka fi son a ɗora wa baƙo.

Wane ne ma baƙon? A shinge takarda ake dubawa, sai suna da harshe. Yankinmu cike yake da mutanen da aka haifa a ɗaki ba a yi musu takardar haihuwa ba. In babu ita babu katin ɗan ƙasa, sai an je kotu da shaidu da kuɗin da talaka ba shi da su. Bahaushe ko Babarbaren da aka haifi kakansa a Mora, in ba kati a aljihunsa, ɗan Najeriya ne a idon mai kaki. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a hanyoyinmu ya san yadda ake yi. Mota ta tsaya, yaron mota ya bi kujeru yana karɓar kati, sannan ya ce, "Marasa takarda a sauko." Mutum huɗu ko biyar su sauka su nufi 'yar rumfa, kowa da jaka ɗaya a dunƙule cikin tafin hannu, su dawo, mota ta tashi. A shinge na gaba a sake. Baƙo na gaske mai kuɗi ya wuce abinsa, ɗan ƙasa marar kuɗi ya wuni a rana. Kuɗin bai shiga baitulmali ba, sunan mutumin bai shiga kowane littafi ba, kuma ba a san shi yau fiye da yadda aka san shi jiya ba. An ce ɗan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru take ciki, ba ya buƙatar biza tun 2017, amma Najeriya, wadda muke auratayya da ciniki da ita dare da rana, ba ta cikin wannan ƙungiya. Ita tana ECOWAS. Layin da ya raba ƙungiyoyin biyu ta tsakiyar Banki da Amcide ya bi, garuruwan da baƙo ba zai gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Mu 'yan Marwa ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da wannan zargi, domin sunan garinmu ya taɓa zama abin nuni. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, daga nan ya tafi Kano, kuma rikicinsa na Disambar 1980 ya ci rai sama da dubu 4. Mafi yawan mabiyansa 'yan Najeriya ne, amma abin da ya zauna a bakin mutane shi ne baƙi sun kawo fitina. Da farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, sai gwamnatin Shehu Shagari ta ba marasa takarda mako biyu su fice, a Janairun 1983. Wajen mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Cadi da namu. Kawuna yana cikinsu, tela ne, ya dawo mana da kan keken ɗinki a naɗe cikin bargo, ƙafafun keken ya baro su can. Fitarsu ba ta farfaɗo da arzikin Najeriya ba, kafin shekarar ta fita ma sojoji sun kifar da gwamnatin. Gana kuwa ita ta fara, a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi, da yawansu 'yan Najeriya. Kuma tun a Janairun 1980 an ɗauki Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka tsallakar da shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta ce a dawo da shi. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai tura baro?

Akwai dai inda tsoron gwamnati yake da tushe. Da Tafkin Cadi ya ja baya bayan farin shekarun 1970 da 1980, masunta da manoma suka bi ruwa, Hausawa da Barebari da yawa a cikinsu, suka kafa garuruwa a wajen Darak, cikin ƙasar Kamaru. Kifi ya yi albarka, banda ta yi ta tafiya Maiduguri. Bayan mutane sai tuta ta biyo, da 'yan sanda da makaranta da haraji na Najeriya. Sai da aka kai ga kotun duniya da ke Hague, ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da 30 a ƙarshen 2003. Masuncin da ya bi kifi bai zo da niyyar cin ƙasa ba. Wurin ne aka bari ba hanya, ba asibiti, ba ma'aikaci, wani ya zo ya cike gurbin.

Duk da haka, in na ji ɗan Kamaru yana kukan baƙi sun yi yawa, sai in tuna Cadi. Tun yaƙin Darfur na 2003 take riƙe da 'yan Sudan wajen dubu 400 a gabas. Da sabon yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, sama da dubu 700 suka ƙaru kafin 2024 ta ƙare. Adre, ɗan ƙaramin garin kan iyaka, ta wayi gari da baƙi sama da dubu 200, sun ninka 'yan gari sau da yawa, mafi yawansu mata da yara daga Janaina ta Darfur. Surukina direban kamiyo ne a Njamena, yana kai kaya Abece da Adre. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne kuɗin jarkar ruwa, da layin jakuna a bakin rijiya tun kafin asuba. Matan da suka gudo suna buga bulo da wankau a kuɗin da 'yar gari ba za ta karɓa ba, masu motoci da masu shaguna kuwa ba su taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Lissafin tsohon ɗan dakon nan ne dai, an ninka shi sau dubu. Cadi tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya, amma ba ta rufe ƙofa ba, kuma tun Disambar 2020 ta yi dokar da ta ba ɗan gudun hijira damar aiki da karatu da magani. Ƙasashen da suke rawar jiki don jirgin ruwa ɗaya ya iso gaɓarsu su zo su ga Adre.

Tsakaninmu da Cadi kuwa abin bashi ne, yau a wuyan wannan gobe a wuyan wancan. A 1980, lokacin yaƙin basasar Cadi tsakanin Gukuni da Habre, mutanen Njamena sama da dubu 100 suka tsallako Kuseri, a kwale-kwale, don ba a gina gadar Ngeli ba tukuna. A Fabrairun 2008 suka sake cika gadar da ƙafa. Sai ga Disambar 2021, rikicin ruwa da kiwo tsakanin Larabawa Shuwa da Musgum ya tashi a Logon-Birni ya kai har Kuseri, aka ƙone kasuwar shanu, dubban 'yan Kamaru suka tsallaka, Cadi ta kafa musu sansani a Gilme da Kalambari. Mutanen da shekarun baya suke cewa 'yan Cadi sun cika musu gari su ne suka tsaya a layi ana rubuta sunayensu.

Kakana daga ƙasar Katsina ya taso da niyyar hajji a ƙafa. Ya tsaya a Marwa neman guzuri, ya kama fataucin goro da fata, ya yi aure, guzurin bai taɓa cika ba. Ƙanensa ya wuce, ya bi ta Cadi ya shiga Sudan, a can ya tsaya. Hanyar tsohuwa ce. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa har yau da sunansa ake kiransa. Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin waɗanda suka riƙe aikin auduga a Jazira da guminsu. Amma a Yulin 2022, da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautarsu, sai aka ce ƙasar ba tasu ba ce, aka yi kashe-kashe, aka ƙone gidaje, aka sake a Oktoba. Shekara ɗari da wani abu, har yanzu baƙi. Wannan a ganina ita ce asara mafi girma, kuma ba ranar zuwan baƙo take bayyana ba. Ƙasa ta ci aikinsa, ta ƙi yanke maganar matsayinsa da ta ƙasar da yake nomawa, ta ajiye wa jikoki rigimar.

Da za a tambaye ni, abin da zan ce ba shi da yawa. A rubuta sunan duk wanda ya shigo, a ba shi kati a kuɗin da lebura zai iya biya, katin da zai yi aiki da shi ya kuma wuce shinge, don wanda aka san sunansa da unguwarsa ya fi sauƙin sa ido a kansa. A yi wa yaranmu takardar haihuwa kyauta, ko don a daina mayar da ɗan gida baƙo. Ranar da aka haƙa rijiya a sansani a haƙa ɗaya a ƙauyen da ke kusa, ba bayan an yi faɗa ba. In lawan, wato mai gari, zai ba da aron gona, a rubuta iyakarta da wa'adinta. Maganar kuɗin lebura ce ta fi wuya, don ta shafi aljihun irina. A rumfata yanzu kuɗin zaɓe da na dako ɗaya ne ga kowa, ɗan gari da baƙo. Maƙwabcina ba ya yin haka, kuma albasata da tasa farashi ɗaya ake saye a Sandaga. In ba dukanmu muka zauna muka tsayar da kuɗi ɗaya ba, mai tausayi shi zai fara karyewa.

Duk wannan masu shigowa ne. Masu fita fa? Mu ma baƙin wasu ne, kuma a nan ne na fi ganin yadda riba take tafiya wani wuri ta bar asara a wani. A 2008, da Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka da Al Ahly, mai tsaron gidanta Kassaly Daouda da ɗan wasan gabanta Kamilou Daouda 'yan Nijar ne, ba kuma wanda ya tambaye su takarda a filin Rumde Ajiya, ihu kawai muke yi. A 2022 a Katar kuwa, ƙwallo ɗayan da Suwizalan ta ci mu da ita Breel Embolo ne ya zura, wanda aka haifa a Yawunde. Yaron ya ƙi yin murna, amma an ƙirga ƙwallon.

Ƙwallo da sauƙi. Likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta su ne abin ji. Ƙasa ta ɗauki yaro tun daga firamare, iyaye su sayar da dabba su biya masa, ya gama, ya yi shekaru ba a ɗauke shi aiki ba ko a ɗauke shi ba albashi, sai Faransa ko Jamus ko Kanada su karɓe shi a shirye, ba su kashe ko dala a kan renonsa ba. Kuɗin da yake aikowa yana gina gida, yana aurar da ƙanne, yana biyan magani, ba na raina shi. Amma ba ya duba marar lafiya a Mokolo. In kuma ya karɓi takardar can, dokar 1968 ta ce ya rasa ta nan, don Kamaru ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Wanda muke fata ya dawo ya buɗe asibiti sai ya nemi biza kafin ya zo jana'izar uwarsa.

Ɗan ƙanwata ma'aikacin jinya ne, yana aiki a wani asibiti a bayan gari, sau da yawa shi kaɗai ne a wurin da dare, shi ne mai karɓar haihuwa shi ne mai ɗinkin rauni. Watan jiya ya zo min da takardu cikin leda, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Kawu, na ci jarrabawar Faransanci, saura kuɗin da Kanada suke so su gani a banki." Na tambaye shi wa zai riƙe asibitin. Ya ce, "Kawu, wa ya riƙe ni?" Uwarsa ta riga ta sayar da shanunta biyu, ni ma na ce zan cika masa ragowar kafin ƙarshen wata.